Firidirik Furobel, Mutumin da Ya Kafa Lambun Yara

Da yawa daga cikin ɗalibanmu sun fara karatu ne a makarantar nazare kafin su shiga firamare. Waɗansu makarantun ma a allon bakin ƙofarsu kindagatin aka rubuta. Muna faɗin wannan kalma kullum, amma kaɗan ne a cikinmu suka san cewa Jamusanci ce, ma'anarta kuwa lambun yara. Wanda ya raɗa sunan wani malamin makaranta ne Bajamushe, ɗan fasto, wanda a littattafan Turawa ake rubuta sunansa Friedrich Froebel. A nan za mu riƙa kiransa Furobel, yadda ya fi mana sauƙi a baki.

Mun zaɓi mu kawo tarihinsa a mujallarmu ta bana saboda abu ɗaya da ya tsaya a kai har ya bar duniya, wato cewa wasan ƙaramin yaro shi ne karatunsa na farko. A yau wannan magana tana cikin littattafan kwalejojin horon malamai. A zamaninsa kuwa sai da aka yi masa dariya, aka ɗauke shi wawa, daga baya ɗaya daga cikin manyan gwamnatocin Jamus ta haramta irin makarantunsa. Ya mutu dokar tana aiki.

Ƙuruciya cikin maraici

An haifi Furobel ran 21 ga Afrilu, 1782, a ƙauyen Oberweissbach da ke cikin dazuzzukan Turingiya, a tsakiyar Jamus. A wancan zamani Jamus ba ta zama ƙasa ɗaya ba tukuna. Masarautu ne manya da ƙanana, kowace da sarkinta da dokokinta. Mahaifinsa faston ikkilisiyar Lutheran ne, mutum mai tsanani, wanda hidimar ƙauyuka da dama ta sha masa kai. Furobel yana da wata tara a duniya mahaifiyarsa ta rasu. Uban ya sake aure, matar kuma ta riƙe yaron da kyau da fari, amma da ta sami ɗa na kanta sai ta juya masa baya.

Haka ya tashi a gidan fasto, ga mutane amma ba mai jansa a jiki. Uban ya gwada koya masa karatu, ya ga kamar yana da nauyin kai. Ba kasafai ake barinsa ya fita wasa da yaran ƙauye ba, sai ya shaƙu da itatuwa da furannin lambun gidansu. Jiki magayi. Mutumin da daga baya ya ƙare rayuwarsa wajen nema wa yara filin wasa, shi kansa an hana shi wasa yana ƙarami.

A 1792, yana da shekara goma, kawunsa wanda shi ma babban fasto ne a garin Stadtilm ya ɗauke shi riƙo. A can ne ya fara samun sakewa. Ya shiga makarantar gari, ya yi abokai, ko da yake da fari bai iya wasannin tsararrakinsa ba domin bai saba ba.

Shekarun neman abin yi

Yana da shekara 15 aka kai shi koyon aiki wurin wani malamin daji. Maigidan bai kula da shi sosai ba, sai Furobel ya riƙa karanta littattafan lissafi da na tsirrai shi kaɗai, yana yawo cikin daji yana lura da yadda abubuwa ke girma. A 1799 ya shiga jami'ar Jena, amma bashi ya kama shi har aka tsare shi mako tara a kurkukun jami'a, ya bar karatun bai gama ba. Mahaifinsa ya rasu a 1802. Daga nan ya yi ta sauya aiki: yau akawu, gobe safiyo, jibi magatakardan wani mai gandu.

A 1805 ya tafi birnin Farankfot da niyyar koyon zanen gine-gine. A can ya haɗu da Anton Gruner, shugaban wata makaranta, wanda ya lura da shi ya ba shi aikin koyarwa. Furobel yana da shekara 23 ya fara tsayawa gaban aji, nan take kuwa ya gane ya sami abin da ya daɗe yana nema.

Gruner almajirin Pestalozi ne, shahararren malamin nan na ƙasar Suwizalan. A yawancin makarantun Turai na lokacin, karatu hadda ce da bulala. Pestalozi kuwa ya koyar da cewa yaro ya fara ganin abu, ya taɓa shi, ya ƙirga shi, kafin a ba shi sunansa a rubuce. Gani ya kori ji ke nan. Furobel ya ziyarci makarantarsa a Yverdon a wannan shekarar, sa'an nan ya koma ya zauna can daga 1808 zuwa 1810 tare da 'ya'ya maza uku na wani gidan masu hali da yake koyarwa. Ya ƙaru ƙwarai, amma ya ga darussan a warwatse suke, babu igiyar da ta ɗaure su wuri ɗaya. Neman wannan igiya ya mai da shi jami'a, da fari a Göttingen a 1811, sa'an nan a Balin.

A 1813 ya shiga rundunar 'yan sa-kai da suka yaƙi Nafoliyon na Faransa. A sansanin soja ya sami abokai biyu, Wilhelm Middendorff da Heinrich Langethal, dukansu ɗaliban tauhidi, waɗanda suka zama abokan aikinsa na shekaru masu yawa. Bayan yaƙi ya kama aiki a gidan ajiye ma'adinai na jami'ar Balin, yana jera duwatsu masu ƙyalli bisa ga siffarsu. Nan ya lura cewa kowane irin dutse yana girma ne bisa ga tsarin da ke cikinsa, ba wanda ya sassaƙa shi daga waje. Abin da ya gani a tsirrai ya sake ganinsa a duwatsu, sai ya ɗauka cewa ɗan Adam ma haka Mahalicci ya yi shi.

Makarantar Keilhau

A 1816 ya ajiye aikin Balin ya buɗe makarantar kansa a ƙauyen Griesheim. Ɗalibansa na farko biyar ne, dukansu 'ya'yan yayyensa, uku daga ciki marayu. Shekara ta gaba ya mai da makarantar ƙauyen Keilhau, inda Middendorff da Langethal suka kasance tare da shi. A 1818 ya auri Wilhelmine Hoffmeister, wadda ta bar jin daɗin birnin Balin ta zo ta zauna da shi cikin talauci. Allah bai ba su haihuwa ba.

Keilhau makarantar kwana ce ta yara da suka ɗan tasa. Malamai da ɗalibai suna cin abinci tare, suna noma tare, suna hawan duwatsu suna zana taswirar yankinsu da hannunsu. A nan ya rubuta babban littafinsa a kan tarbiyyar ɗan Adam, wanda ya fito a 1826. Littafin yana da wuyar karantawa, amma za mu iya taƙaita koyarwarsa cikin abubuwa huɗu. Na farko, dukan halitta daga Allah take, saboda haka ilimin addini da na halittu da lissafi da harshe reshe ne na itace ɗaya. Na biyu, yaro yana girma ne daga ciki zuwa waje, aikin malami shi ne ya bi wannan girma ya taimaka masa. Na uku, rayuwa mataki-mataki ce, jariri, yaro, saurayi, kowane mataki kuma sai an cika shi kafin na gaba ya yi kyau. Na huɗu, yaro yana koyo ne ta wurin abin da ya yi da kansa, a shekarun farko kuwa abin da yake yi da kansa shi ne wasa.

Mu a nan mukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Furobel zai yarda da rabin maganar, wato cewa shekarun farko su ne masu muhimmanci. Amma shi ya fi kallon malami a matsayin mai lambu, wanda yake gyara ƙasa, ya yi ban ruwa, ya cire ciyawa, ya yi shinge, sa'an nan ya bar shuka ta yi nata girman.

Makarantar ta bunƙasa har ɗalibai suka kusa 60. Sai dai bayan yaƙin Nafoliyon sarakunan Jamus sun shiga zargin duk wani taro na matasa, musamman inda akwai tsofaffin 'yan sa-kai. Aka fara raɗe-raɗin cewa Keilhau maɓoyar masu tayar da zaune tsaye ce. Hukuma ta aiko mai duba makarantu, ya zo ya bincika ya rubuta rahoto mai yabo, amma iyaye sun riga sun tsorata. Kafin 1829 ɗaliban da suka rage ba su kai goma ba, ga bashi ya yi katutu. Dole mu faɗi gaskiya, shi ma Furobel ba gwanin riƙon kuɗi ba ne, kuma ba ya son a ja da shi. Sai da wani ɗan'uwan Middendorff mai suna Barop ya karɓi ragamar makarantar kafin ta farfaɗo.

Yadda lambun yara ya samu

Daga 1831 zuwa 1836 Furobel ya yi aiki a Suwizalan. A shekarun ƙarshe ya shugabanci gidan marayu a garin Burgdorf, yana kuma horar da malaman firamare. A nan ya yi hulɗa da yara ƙanana sosai, ya kuma tabbatar da abin da ya daɗe yana zato: yawancin matsalolin da malami ke fama da su a aji sun samo asali ne tun kafin yaron ya zo makaranta.

Ba shi ne farkon wanda ya tara ƙananan yara wuri ɗaya ba. Tun wajen 1770 Fasto Oberlin ya buɗe irin waɗannan ɗakuna a ƙauyukan Alsas, Robert Owen kuma ya buɗe makarantar ƙananan yara a 1816 domin 'ya'yan ma'aikatan masaƙarsa a New Lanark ta Sikotlan. A Jamus ma akwai gidajen da ake ajiye 'ya'yan talakawa yayin da iyaye mata suka tafi aiki. Sai dai yawancin irin waɗannan gidaje ko dai ajiya ce kawai, ko kuwa a jera yara a kan benci ana yi musu hadda kamar 'yan firamare. Abin da Furobel ya kawo sabo shi ne cikakken tsari na koyarwa da aka gina a kan wasa, da kayan aikinsa, da malamai da aka horar musamman dominsa.

A 1837, yana da shekara 55, ya zauna a garin Blankenburg kusa da Keilhau, ya fara ƙera kayan wasa. A 1839, shekarar da matarsa ta rasu, ya fara tara yaran garin suna wasa da kayan a ƙarƙashin kulawarsa. Ya daɗe yana neman sunan da zai ba wurin, domin ba ya son a kira shi makaranta. Wata rana a 1840, suna tafe a ƙasa da abokansa daga Keilhau zuwa Blankenburg, sunan ya faɗo masa. Ran 28 ga Yuni, 1840, aka yi bikin kafa lambun yara na farko.

Abin da ake yi a ciki

Kayan wasan da ya ƙera ya kira su kyaututtuka, ana kuma ba yaro su ne bi da bi. Kyauta ta farko ƙwallaye shida ne masu laushi na ulu, masu launin bakan gizo: ja, ruwan lemo, rawaya, kore, shuɗi da shunayya. Da su jariri yake koyon kamawa da saki, sama da ƙasa, kusa da nesa. Ta biyu abubuwa uku ne na katako: ƙwallo, da dunƙule mai fuska shida kamar ƙwayar sukari, da wani mai siffar gwangwani. Ƙwallo yana mirginawa, dunƙulen yana zama daram, mai siffar gwangwani kuwa yana iya yin duka biyun. Ta uku dunƙule ne da aka yanka gida takwas daidai wa daida. Ta huɗu ma gida takwas ce, amma masu siffar bulo. Ta biyar da ta shida sun fi yawan gutsattsari, domin yaran da suka ƙara wayo.

Da 'yan katako takwas ɗin nan yaro zai gina kujera ko gida ko gada. Zai jera su su ba da ado mai kyan gani. Zai kuma raba su biyu ya ga huɗu da huɗu, ya sake rabawa ya ga bibbiyu. Ta haka ya san rabi da kwata da hannunsa tun shekaru kafin malamin lissafi ya rubuta su a allo.

Ban da kyaututtukan akwai ayyukan hannu: naɗe takarda, saƙa da tsiri-tsirin takarda, ɗinki a kan kwali, gini da yumɓu, zane. Akwai wasannin da'ira, inda yara da malama suke riƙe hannu suna waƙa suna kwaikwayon manomi ko tsuntsu ko injin niƙa. Akwai kuma lambu na gaske. Kowane yaro yana da ɗan fangalinsa da zai shuka abin da yake so, a kewaye kuma akwai fangulan da kowa da kowa ke nomawa tare, domin yaro ya san nasa ya kuma san na jama'a. Ba a koyar da karatu da rubutu a wurin. Wannan aikin firamare ne, yana nan tafe a lokacinsa.

Furobel bai manta da gida ba, domin a ganinsa uwa ce malama ta farko. A 1844 ya buga littafin waƙoƙi da wasannin yatsu domin iyaye mata, kowane wasa da hotonsa da bayanin abin da yake koya wa jariri. Ya kuma yi abin da ya ba mutanen zamaninsa mamaki, ya ce mata ne suka fi dacewa da wannan aiki, a horar da su a biya su albashi. Ida Seele, wadda ta fara aiki da shi a 1843, ita ake ɗauka malamar lambun yara ta farko.

Haramci

Kuɗin da ya sa ran jama'a za su tara bai samu ba, lambun Blankenburg ya rufe a 1844. Furobel ya shiga yawo gari-gari yana lacca yana nuna kayansa, sannu a hankali kuma aka fara buɗe lambunan yara a wurare dabam-dabam. A 1848 guguwar neman 'yanci ta tashi a ƙasashen Jamus. A watan Agusta na shekarar, taron malamai a Rudolstadt ya roƙi majalisar ƙasa da ke zama a Farankfot ta sa lambun yara cikin tsarin ilimin gwamnati. Amma a 1849 sarakuna suka murƙushe yunƙurin, majalisar ta watse, roƙon ya bi ruwa.

A wannan shekara ya koma Liebenstein, inda mutanen gari suke ganin tsoho mai shekara 67 yana tsalle-tsalle da 'ya'yan talakawa a fili, suna ɗaukarsa taɓaɓɓe. Wata mace mai sarauta, Bertha von Marenholtz-Bülow, ta je kallo, ta saurare shi, ta zama babbar mai goyon bayansa. Ta hanyarta sarkin yankin ya ba shi wani gida a Marienthal a 1850, inda ya buɗe makarantar horar da mata malamai. A 1851 ya auri ɗaya daga cikin almajiransa, Luise Levin.

Ana cikin haka, a watan Agusta na 1851, ministan ilimi da harkokin addini na masarautar Purushiya, Karl von Raumer, ya fitar da doka ta haramta lambunan yara a duk faɗin ƙasar. Dalilin da aka bayar shi ne wai wani ɓangare ne na shirin gurguzu, mai nufin tarbiyyar da yara a kan rashin yarda da Allah. Hujjar gwamnati wata ƙasida ce da Karl Furobel, ɗan wan Firidirik, ya rubuta a kan ilimin mata da lambunan yara. Wani ɗan wan nasa kuma, Julius, yana cikin fitattun 'yan tawayen 1848. Ga shi kuma waɗansu ƙungiyoyin da suka ɓalle daga ikkilisiyar gwamnati sun rungumi lambun yara.

Wannan zargi ya yi wa tsohon ciwo fiye da kome, domin littafinsa na 1826 da batun Allah ya fara. Ya aika wa ma'aikatar littattafansa, ya bayyana cewa shi dabam ɗan wansa dabam, ya roƙi a bincika. Ma'aikatar ta ƙi janye dokar. Wannan ya nuna cewa batun ya wuce rikicewar suna. Gwamnatin da ta fito daga tawaye ba ta da sha'awar makarantar da ke haɗa ɗan mai kuɗi da ɗan talaka a da'ira ɗaya, ta koya musu tambaya da yin abu da kansu, a hannun mata masu ilimi.

Marienthal ba a cikin Purushiya take ba, saboda haka ya ci gaba da koyarwa, har ya yi tunanin ƙaura zuwa Amurka. A 1852 ya halarci babban taron malamai a garin Gotha, jama'a suka miƙe tsaye don girmama shi. Ba da daɗewa ba ya kwanta ciwo, ya rasu ran 21 ga Yuni, 1852, yana da shekara 70. An binne shi a Schweina. A kan kabarinsa an ɗora siffofin kyautarsa ta biyu da dutse: dunƙule a ƙasa, mai siffar gwangwani a tsakiya, ƙwallo a sama.

Matan da suka ɗauki aikin

Ba a ɗage dokar ba sai a 1860, amma kafin nan ta riga ta yi abin da masu ita ba su nufa ba. Jamusawan da suka gudu bayan 1848 sun tafi da lambun yara ƙasashen da suka sauka. Bertha Ronge da mijinta sun buɗe na farko a Landan a 1851. Ƙanwarta Margarethe Schurz ta buɗe na farko a Amurka a 1856, a garin Watertown na jihar Wisconsin, da harshen Jamusanci. Elizabeth Peabody ta buɗe na Ingilishi a Boston a 1860. A 1873 Susan Blow ta buɗe na farko a cikin makarantar gwamnati a birnin St. Louis, abin da taron Rudolstadt ya roƙa shekara 25 kafin nan bai samu ba. A 1876 aka buɗe lambun yara a kwalejin horon malamai mata ta Tokyo a Japan. Bertha von Marenholtz-Bülow kuwa ta yi shekaru tana zaga Ingila da Faransa da Italiya da sauran ƙasashen Turai tana bayyana tsarin.

Abin da aka gyara da abin da ya tsaya

Ba duk abin da Furobel ya koyar ne ya jure bincike ba. Ya ɗauka cewa ƙwallo yana sa jariri ya ji haɗin kan dukan halitta, masana na baya ba su sami shaidar haka ba. Waɗansu almajiransa kuma sun mai da kyaututtukan kamar farilla, malama tana ba da umarni yara duka suna motsa katako ɗaya a lokaci ɗaya, har wasan ya daina zama wasa. A Amurka Jon Duwi da Patty Smith Hill sun soki wannan, aka kawo manyan katako da wasa na sakewa. A Italiya Mariya Montesori ta buɗe gidan yara na farko a birnin Rum a 1907 da nata kayan aikin.

Amma ginshiƙin ya tsaya. Jan Piyaje na Suwizalan, wanda ya rasu a 1980, ya nuna ta wurin lura da yara cewa tunaninsu yana girma ne mataki-mataki, kuma yaro yana gina saninsa ta wurin taɓa abubuwa da gwada su. Lev Vigotski na Rasha, wanda ya rasu a 1934, ya nuna cewa a cikin wasan kwaikwayo yaro yana koyon bin ƙa'ida da kame kai, kuma taimakon babba yana kai shi inda shi kaɗai ba zai kai ba. Binciken makarantar Perry a jihar Michigan, wanda aka fara a 1962 da yara 123 'ya'yan talakawa aka bi su har suka girma, ya nuna cewa waɗanda suka sami kyakkyawar makarantar share fage sun fi gama sakandare da samun abin yi, kuma ba su kai sauran shiga hannun 'yan sanda ba.

Gwamnatoci ma sun sauya ra'ayi. A 1965 Amurka ta fara shirin Head Start domin ƙananan 'ya'yan talakawa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta sa wasa cikin haƙƙoƙin yaro. A Nijeriya, Tsarin Ilimi na Ƙasa na 1977 ya amince da makarantun yara 'yan shekara uku zuwa biyar, ya kuma ce wasa ne zai zama babbar hanyar koyarwa a cikinsu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara da iliminsu cikin shirin ilimi na tushe. Abin da wani minista ya haramta a 1851, ministoci ne suke rubuta shi a takardun gwamnati bayan shekara ɗari da 'yan kai.

Abin da ya rage gare mu

Rubutawa a takarda dabam, aikatawa dabam. Dukanmu mun san makarantun nazare inda ake jera 'yan shekara uku a kan benci tun safe, ana sa su kwafe haruffa da hannun da bai gama ƙwari ba, a ba su aikin gida, a yi musu jarrabawa har da na ɗaya da na ƙarshe. Sau da yawa mu iyaye ne muke matsa wa malamai, domin muna so mu ga littafi cike da rubutu a madadin kuɗin da muka biya. Irin wannan makaranta ita ce ainihin wadda Furobel ya ƙi, ko da an rubuta kindagatin a ƙofarta.

Gyaran ba ya bukatar kayan Jamus. Yumɓu da kara da yashi da 'ya'yan tsamiya da guntayen katako daga wurin kafinta sun isa yaro ya ƙirga, ya auna, ya gina, ya rushe ya sake ginawa. Waƙoƙi da wasannin dandali muna da su. Abin da ya fi wuyar samu shi ne malamar da aka horar, aka biya ta yadda ya kamata, da iyayen da za su yi haƙuri su bar yaro ya cika shekarunsa.

A cikin ɗaliban da za su bar mu bana akwai waɗanda za su shiga kwalejin horon malamai, kusan dukanku kuma wata rana za ku zama iyaye. Muna roƙonku, idan kuka ga ƙaramin yaro ya duƙufa yana gina ɗaki da ƙasa, kada ku yi saurin ce masa ya tashi ya je ya yi karatu. Ku tsuguna ku tambaye shi abin da yake ginawa, ku saurari amsar da zai ba ku.